Bindigar da Arzika Ya Zaɓa

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ban yi murnar da mutane suka yi ba, don wata guda cur na yi ina fama da yayana Arzika a kan wata tsohuwar bindigar iska. In ka ji murya ta fara tashi ina wannan labari, ka yi mini haƙuri, haka yake yi mini duk sanda na tuna.

Mu mutanen Kurgu ne, gidanmu gidan maharba. Ni Bunyaminu ni ne auta. Na shiga soja aka kai mu ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, na dawo na sami aikin masinja a makarantar elementare ta Bagudo. Arzika shi ya gaji tsohonmu, kuma kowa ya shaida ya fi shi. Daga Kurgu har Geza, in gyado, aladen dajin nan, ya addabi gonar rogo ko birai sun dami dawa, shi ake aika wa.

Wanda bai san bindigar toka ba ba zai gane abin da ya sa Arzika ya fi sauran ba. Ita maƙeri ke ƙera ta. Ka ɗura albarushi, ka danna tsumma, ka zuba dalma, sauran kuma ka bar wa Allah. In ta tashi, wuta da hayaƙi a fuskarka suke fara sauka. Saboda haka kowane maharbi a ƙasarmu, da ya ja kunama sai ya kau da fuska gefe. Haka iyayensu suka koya musu, haka suke koya wa 'ya'yansu. To hannu kuma fuska yake bi, shi ya sa rabin harbinsu a ciyawa yake ƙarewa. Arzika kaɗai ne ba ya kau da kai. Ido buɗe yake kallon naman har ya faɗi.

Shekara uku kafin wannan labari, bindigarsa ta fashe a hannunsa a fadamar Matsinkai. Ta tafi da yatsu biyu na hagu, ta bar masa baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kumatu waɗanda ba su fita ba har ya koma ga Allah. Ido dai Allah ya kiyaye. Daga ranar bai sake taɓa bindiga ba. Ta tsohonmu tana rataye a ɗakinsa, zanzaro har ya yi gini a bakinta, shi kuwa yana gindin ɗurumin ƙofar gida yana saƙar zana. Mutumin da ake yi wa guɗa in ya shigo gari da barewa a kafaɗa, yau shi yara ke kira Arzika mai zana. Wannan suna yana ƙona mini rai ba kaɗan ba. Abin da nake so a duniya a lokacin ɗaya ne, in ga yayana ya sake ɗaukar bindiga ya shiga daji.

Ana cikin haka, hedimastanmu Malam Atiku ya tara mu a kan shirin bikin ɗaya ga Oktoba. Za a yi fareti, yara za su yi tsere, sannan manya za su yi gasar harbin allo, wanda ya ci ya tafi da rago. Amma daga sama an hana shigo da bindigar toka fili saboda yara. Sai dai ta iska, wadda ake karya bakinta a ɗana, a saka 'yar ƙwayar dalma. Har an ce Ɗanliti na Geza, wanda ya zama babban maharbi tun da Arzika ya zauna, ya samo wata a wajen wani akawu.

Ban jira ko azahar ba na hau keke sai Kurgu. Na iske shi a inda na san zan iske shi, gamba ta cika masa cinya.

Na ce, “Yaya, Allah ya kawo muna magani. Bindiga ta wadda ba albarushi, ba wuta, ba ta hwashewa ko ka kwana kana halbi. Ka tashi ka gwada ma mutanen ga ko kai wane na.”

Bai ɗago ba. Ya ƙulla igiyarsa, ya ja ta da haƙori, sannan ya ce, “Tana da murya?”

“Murya ta mi? Waƙa za ta yi maka?”

Ya ci gaba da saƙarsa har na fara tunanin ya manta da ni. Can ya ce, “To, Soja. Mu tahi mu gani.”

A Bagudo ba mai irinta na sayarwa. Amma Dahomi sun riga mu samun nasu mulkin kai da wata biyu, Faransawa da yawa suna ta haɗa kaya, abin da ya yi musu nauyi kuma a kasuwannin bakin iyaka yake ƙarewa. Ƙarshen damina ne, Kwara ta cika ta batse. Muka ƙetare a kwale-kwale, ruwan sama ya yi mana dukan tsiya, muka kwana a Illo, washegari muka wuce Lolo a ƙafa muka shiga wata kasuwa a ƙetare. Ga gadajen ƙarfe, ga garmaho, ga hulunan Turawa jibge a kan tabarma. Aka nuna mana rumfar wani dillali mutumin Dandi, Hassan, mai zaƙin baki kamar ya sha zuma.

“Fofo, fofo, baƙin Ingilishi!” Ya yi mana sannu da harshensu, ya shimfiɗa buhu ya jera mana bindigogi uku.

Ni kuwa a nan ne nake ganin ranata ta zo. A soja na yi shekara biyu ina yi wa wani kyaftin hidima, yana da irinta yana harbin ɓeraye a bayan sito, ni nake kwance ta in goge in ɗaure. Na san cikinta da bayanta.

Ta farko ko taɓa ta ban yi sosai ba. Gwangwani ce, ta 'ya'yan Turawa, ko kurciya ba za ta tsorata ba. Ta biyu mummuna ce ta gaske, ƙirar Jamus, baƙinta duk ya koɗe, ƙotar ta tsage an ɗaure da waya. Amma da na karya ta na leƙa sama ta cikin bakin, sai na ga cikin fes, zanen da ke murɗa harsashi bai goge ba. Na mayar na girgiza, gaɓar ko motsi. Na ɗana, sifirin ya tafi sumul ba ƙara. Na sa aka jingina wani murfin akwati a bango, na ƙirga taki ashirin, na harba uku. Ukun duka wuri guda suka shiga, goro ɗaya zai rufe su. Ƙararta kuwa tus kawai, ko awakin da ke gefe ba su ɗaga kai ba. Na ji sanyi har cikin raina.

Ta uku ita ce amarya. Doguwa, mai nauyi, an yi wa ƙotar sassaƙar ganye, ga farantin tagulla da sunan wani kumandan a jiki. Na girgiza ta, gaɓar ta amsa mini ƙwas-ƙwas. Saitin gaba ya karkace. Na ajiye ta.

Arzika ya ce, “A halba waccan in ji.”

Hassan ya ɗauka, ya ɗan juya mana baya kamar mai gyara riga. Da idona na gan shi ya ciro 'yar kwalba, ya ɗiga man keken ɗinki a ramin iska. Tsohuwar dabara ce. In mai ya shiga wurin, matsin iska kan kunna shi, bindigar ta yi tsawa ta fitar da hayaƙi, wanda bai sani ba ya ce ƙarfi ne. Alhali harsashin duk inda ya ga dama yake tafiya, fatar da ke tura iska a ciki kuma tana ƙonewa.

Tau! Kasuwa ta amsa, awaki suka watse, wata mai fura ta yi salati. Harsashin ko murfin akwatin bai samu ba. Na waiwaya in yi wa Arzika dariyar abin, sai na gan shi ya dafe turken rumfa, gumi na tsattsafo masa a goshi.

Ya ce, “Wagga nika so.”

“Yaya! Mai na yas sa mata, na gani da idona. Wagga ba ta samun ko ɗaki in kana cikinai. Ga bindiga nan, dubi inda uku sunka shiga.”

“Na gani.”

“To?”

“Wagga nika so. Da kwalbar.”

Kafin nan mutane sun taru, tsawar ta jawo su. A ƙasarmu kuwa ƙane ba ya mayar wa wansa magana sau biyu a gaban jama'a, ko da wan rami zai faɗa. Na riga na yi ɗaya. Wani dattijo a gefe har ya fara yi mini wani irin kallo. Na haɗiye sauran maganar. Hassan ya ce shi babban kwat ɗin soja da ke kafaɗata yake so. Kwat ɗin da na dawo da shi daga Bama, wanda ko aro ban taɓa ba wani ba. Na cire na miƙa masa. Ya ɗora wa Arzika gwangwanin harsashi biyu da kwalbar mai, yana ta yi masa bayanin yadda ake ɗigawa, ni ina tsaye ina kallon Bajamushiyar ana mayar da ita cikin buhu.

Daga nan har Kurgu ban yi masa magana ba sai da ta zama dole. Shi ko a jikinsa.

Muka kafa allo a jikin kukar bayan gida, na zana baƙin da'ira da gawayi daidai irin wanda Malam Atiku ya ce za a yi. Kullum in an tashi makaranta sai in hau keke in zo. Shi yana can taki ashirin, ni ina raɓe kusa da kuka ina duba inda harsashi ya shiga. Zai ɗiga mai, ya ɗana, tau! In leƙa allo, babu. Ya sake, tau! Wannan ya ci ɓawon kuka can sama. Wani ya huda gefen allo, wani sai dai ka ji ya wuce cikin dawa. Ran nan har ƙwaryar Asama'u, matarsa, ya fasa, tana kife a kan dangar da ba ta ma kusa da mu.

Na roƙe shi, na lallashe shi, na yi faɗa. Na ce ko sau biyar ya harba ba mai, ya ga bambanci. Ya ce a'a. Na ce mu koma mu musanya tun Hassan bai sayar da waccan ba, ni zan sake ƙetare kogin ni kaɗai. Ya ce a'a. Labari kuwa ya riga ya kai Geza. An ce Ɗanliti ya ce a gaya wa mai zana ya zo da zana guda, a kare 'yan kallo.

Wata ranar, saura kwana huɗu biki, na jefar da gawayin na zo na zauna a kan turmi ina huci. Asama'u ta kawo mini fura. Tsakanina da ita akwai wasa, ba ta raga mini.

Ta ce, “Sha ka huce, Soja, kar ka hwashe mu rasa mai kai wasiƙa.”

“Ki bar ni. Mijinki ya ƙare. Halbi talatin yau, ukku ɗai sunka taɓa allo.”

“Kai allo kaka kallo. Ni mijina nika kallo ta kahwar danga.”

“Kin ga mi?”

“Ranar hwarko, in ta yi tsawa, dut jikinai ka juyawa, har bindigar shika saki. Sati ya zagayo, kai ɗai shika kaudawa. Jiya da yau kuwa 'yar karkata ta, sai ido da shika rumtsewa.”

Na miƙe zumbur. Wato ashe tsawar ce ke sa shi kau da fuska! Na ji haushin kaina da ban lura ba, na kuma ji haushinsa ninki biyu. Mutum ya san tsawa ke firgita shi, ya tsallake wadda ba ta tsawa ya ɗauko mai tsawa, har yana ƙara mata mai da hannunsa. Wane irin taurin kai ne wannan? Asama'u ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, ni kuwa na riga na gama shawara, ko saurarenta ban yi ba.

Na je na shirga masa ƙarya. Na ce hedimasta ya ce duk mai gasa ya kawo bindigarsa a duba kwana uku kafin biki. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo ta. Kwalbar tana kan tabarma kusa da ƙafarsa, na faki idonsa na jefa ta a aljihu.

Kwana ukun nan ban huta ba. Na kwance ta ɓalli-ɓalli a ɗakin ajiyar makaranta. Na wanke man nan tas, na goge baƙin da ya daskare. Fatar ciki ta ƙone ta yi ƙanƙam, na kai wa baduku ya yanko mini sabuwa, na murza mata man kaɗe kaɗan don ta yi laushi. Mai gyaran keke ya yanko mini siririn ƙarfe na cusa a gaɓar har ta daina rawa. Na miƙe saitin da ɗan guduma, na harba, na gyara, na harba, har ta fara zuba su wuri guda. Ba ta kai Bajamushiyar ba, amma ta zama bindiga. Ƙararta ta koma tus. Na ce a raina, to Yaya, ko kana so ko ba ka so, sai na fitar da kai kunya.

Ranar biki filin makaranta ya cika maƙil. An ɗaga sabuwar tuta, yara sun yi fareti da 'yan tutocinsu na takarda, an raba musu shinkafa. Bayan azahar aka kafa allo a jikin katangar ƙasa, aka ja igiya, aka ɗaure ragon a gindin mangwaro. Mutum tara suka fito, da bindigogi huɗu ana karɓa-karɓa. Harbi biyar-biyar, bi da bi.

Sai da aka kira sunan Arzika na miƙa masa bindigar. Ya shafa aljihunsa yana neman kwalbar, ya dube ni. Na ɗauke kai ina kallon tuta.

Ya karya, ya saka ƙwaya, ya ɗora a kafaɗa. Tus. Malam Atiku ya leƙa allo ya ɗaga hannu, “Baƙi!” Fili ya ɗauki sowa. Ni har tsalle na yi. Arzika kuwa ya tsaya yana juya bindigar a hannunsa kamar an musanya masa ita.

Sauran maharban abin dariya suka zama. Bindigar da ba wuta ba hayaƙi, amma da sun ja kunama sai su kau da fuska kamar yadda suka saba, harsashi ya tafi yawo. Ɗanliti ne kaɗai ya yi wayo, ya horar da wuyansa, shi ma ya sami baƙi. Zagaye na biyu, Arzika baƙi, Ɗanliti baƙi. Na uku haka. A na huɗu Ɗanliti ya ɗan fita gefen da'ira, na Arzika ya shiga tsakiya. Na biyar Ɗanliti ya riga shi, ya sami baƙi. Yanzu ko gefen da'ira Arzika ya taɓa sun yi kunnen doki, in ya sami baƙi rago namu ne. Mutanen Kurgu sun fara kiran sunan tsohonmu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa irin wadda na shekara uku ban ji an yi masa ba. Idona ya ciko.

Ya karya bindigar, bai saka ƙwaya ba. Ya yafuto ni da hannun nan mai yatsu uku. Na tsallaka igiya na je.

A hankali ya ce, “Ba ni kwalbata.”

“Wace kwalba?”

“Bunyaminu.”

Rabon da ya kira ni da sunana tun rasuwar tsohonmu. Na matso kusa da kunnensa cikin haushi. “Yaya, don girman Allah. Halbi guda ya rage. Guda! Kwat ɗina ya tahi, kwana ukku ban yi barcin kirki ba. Ka saka shi cikin baƙi mu ja ragonmu, Ɗanliti ya rufe baki, yara su bar ce maka mai zana. In ka sa man ga, wallahi ko katangar ba ka samu.”

“Na sani.”

“To mi kaka nema da ni?”

“Kai mi kaka nema? Ba kai kac ce in koma daji ba?”

“Shi na nika so!”

“Da wagga za ni daji? Gyado za ni ce ma tus?” Ya shafa ƙotar bindigar. “Ta tsoho na can rataye, ita ba ta tus. Huɗun ga da nis samu, ba su gaya mani komi ba, ko Asama'u na iya su. Gida, ni ɗai da kuka, na kusa. Amma ban sani ba ko in mutane na kallo, zuciya na bugawa, ina iya tsayawa. Yau nika son in sani.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Wata guda ina kiran mutumin nan mai taurin kai, ashe tun a rumfar Hassan ya san abin da ya je saye, ni ne ban sani ba. Kuma duk da haka, kada ka ce haushin ya tafi. Yana nan. Ga rago ina gani, ga Ɗanliti yana murmushi, ga jama'ar garinmu sun miƙe tsaye.

Malam Atiku ya ce, “Lafiya dai, Bunyaminu? Ana jira.”

Na ce lafiya, ranka ya daɗe. Na sa hannu a aljihu. Ban ma san dalilin da ya sa na zo da ita filin ba. Na cire toshiyar da haƙori, na karɓi bindigar, ni da kaina na ɗiga man a ramin da na kwana uku ina wankewa. Ɗigo biyu. Ya ce in ƙara. Na ƙara.

Ya saka ƙwaya, ya rufe, ya ɗora ta a kafaɗa. Ya kwantar da kumatun nan mai ɗigo-ɗigo a kan ƙota. Ban koma bayan igiya ba, ban kuma juya wajen allo ba. Na tsaya a gefensa, taki biyu, na zuba wa fuskarsa ido. Gumi yana gangarowa ta gefen kunnensa. Leɓensa na motsi. Yatsan ya fara matse kunama.

Tau!

Yara suka yi ihu, ragon ya fizgi igiya, hayaƙi mai warin mai ya turnuƙe tsakaninmu. A cikin hayaƙin nan ina ganin idonsa na dama, buɗe, yana kan saiti. Wuyansa bai motsa ba. Ko gashin idonsa bai kaɗa ba. Haka ya tsaya har hayaƙin ya baje, kamar yadda na sha ganinsa a fadama ina yaro.

Sai dariya ta ɓarke a fili. Malam Atiku ya duba allo sama da ƙasa ya girgiza kai. Mutanen Geza suka ɗaga Ɗanliti sama, wani ya ƙwala, “Mai zana, a koma gindin ɗurumi!” Mutanenmu suka fara zamewa ɗaya-ɗaya ba mai kallonmu.

Arzika ya sauke bindigar. Bai dubi kowa ba sai ni.

“Na kau da?”

“Ba ka kau da ba.”

“Ido hwa? Kar ka yi mani ƙarya irin ta hedimasta.”

“Ko ƙibtawa, Yaya.”

Ya sauke wani dogon numfashi. Ya miƙo mini bindigar da kwalbar duka, ya goge tafinsa a riga.

“Riƙe, taka ta, madadin kwat. Gobe in ka tashi aiki ka biya Matsinkai wajen maƙeri, ka ce ya zaka ya duba ta tsoho. Ka taho da albarushi.”

Ya bi ta tsakiyar masu dariyar nan ya nufi hanyar Kurgu, ko waiwaye. Ni aka bari a fili da bindigar da na gyara na kuma ɓata da hannuna, ana jan ragon ana wucewa ta gabana. Na zagi Hassan, na zagi kwalba, na zagi kaina, hawaye na zuba ban san na wanne ba ne.

Shekaru da yawa bayan nan mutane sun sha yin gardama a kan inda harsashin nan ya faɗa. Wasu su ce mangwaro, wasu su ce rufin aji. In gardama ta yi zafi sai a ce a tambayi Bunyaminu, ai shi yana kusa. Ni kuwa ban sani ba. Ba can nake kallo ba.